Tsakanin Tsohon Jirgi da Sabo, Bayan Hannuna Ya Raunana

Na fara shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska ne ina saurayi, a lokacin da aiki ya kai ni bakin teku, kuma wani dattijo abokin aikina yake neman wanda zai riƙa ja masa igiya a ranakun hutu. Jirginsa tsoho ne, siriri, mai nauyi, kuma a cikinsa na koyi ɗaga ƙyallen iska da rage shi, na koyi karanta fuskar ruwa kafin iska ta iso. Tun daga wannan lokaci na ƙudura a raina cewa idan Allah Ya ja kwana har na ajiye aiki, zan sayi irin wannan jirgi in ƙetare Tekun Atilantika da shi. Da na yi aure na shaida wa maiɗakina wannan buri, ta ɗauke shi wasa da farko, daga baya ta fara bin mu, ta koyi riƙe akala, har ta fi ni haƙuri a gadin dare. Shekara da shekaru muna zuba abin da ya sawwaƙa a wani asusu da muka yi alkawarin ba za mu taɓa shi ba sai don jirgi.

Son da nake yi wa tsohon jirgi yana da hujja, kuma har gobe ina tsaye a kanta. Kusan kowane babban jirgi mai tafiya da iska yana da wani nauyi na dalma ko na baƙin ƙarfe a ƙarƙashinsa da ake kira kil, wanda ke hana iska kifar da shi, ya kuma hana shi zamewa gefe. A jirage da yawa na shekarun 1960 da 1970 kil ɗin dogo ne, ya bi tsawon cikin jirgin, kuma sau da yawa a cikin gangar jikin aka zuba nauyin aka rufe shi da faiba, wato haɗin zaren gilashi da roba da ake ƙera jikin jirgi da shi, don haka babu ƙusar da za ta saki. Allon akala, wato allon da ke cikin ruwa yana juya jirgi, yana manne da bayan kil ɗin ko da wani madogari mai ƙarfi, ta yadda gungumen itace ko igiyar masunta ba sa samunsa kai tsaye. Irin wannan jirgi yana riƙe hanyarsa ba tare da an yi ta kokawa da shi ba, yana yanka raƙuman ruwa a hankali, kuma idan hadari ya yi tsanani ana iya saita ƙyallayensa su yi jayayya da juna, jirgin ya kusan tsayawa cik, mutanen ciki su sauka su huta.

Na haddace tarihin waɗannan jirage kamar yadda wasu ke haddace sunayen 'yan ƙwallo. Na san cewa Robin Knox-Johnston ya bar Falmouth a Ingila a watan Yuni na 1968 a cikin Suhaili, jirgin katako mai tsawon ƙafa 32, ya zagaya duniya shi kaɗai ba tare da ya tsaya ko'ina ba, ya dawo bayan kwana 312. Na san cewa a gasar Fastnet ta watan Agusta na 1979 jirage 303 ne suka tashi, guguwa ta rutsa da su tsakanin Ingila da Ailan, mutum 15 cikin masu gasar suka rasa rayukansu, kuma a rukunin ƙananan jirage guda ɗaya ne ya kai ƙarshe, wani Contessa 32 mai suna Assent, siriri mai nauyi sosai a ƙasa. Duk wanda ya yi mini zancen jiragen zamani masu faɗin baya, amsata ɗaya ce: da tsohuwar zuma ake magani.

Saura 'yan watanni in ajiye aiki sai shanyewar ɓarin jiki ta same ni. Allah Ya taƙaita, domin an garzaya da ni asibiti a kan lokaci, magana ta dawo, ƙafa ta dawo, amma hannun hagu ya ƙi dawowa yadda yake. Ina iya ɗaga shi, ina iya riƙe kofi, amma ba na iya damƙe igiya in ja, kuma idan na gaji sai in ji ƙasa tana ɗan karkata a ƙarƙashina. Ba ciwon jikin ne ya fi damuna ba a wancan lokaci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in zauna a bakin gado maiɗakina tana ɓalla mini maɓallin riga, ni da nake hawa ginshiƙin jirgi, dogon sandan da ke ɗauke da ƙyallen iska, in gyara fitila in sauko ina dariya. Na daina amsa kiran abokan teku, na tattara taswirorina na tura su ƙarƙashin gado, kuma idan wani ya zo dubiya ya ce in gode wa Allah da na tsira da raina, sai in amsa da baki, zuciyata kuwa tana wani wuri. Ina godiya, Allah Shi ne shaida, amma mutum yana iya godiya kuma yana makokin abin da ya rasa a lokaci guda.

'Ya'yanmu sun so a juya kuɗin asusun zuwa wani abin da zai amfane mu a tsufa, kuma ban ga laifinsu ba. Likitan da ke duba ni bai hana ni teku ba, sai dai ya gindaya sharuɗɗa: in ci gaba da motsa hannun, kada in yi wasa da magani, kuma kada in taɓa fita ni kaɗai. Wadda ta sake buɗe zancen ita ce maiɗakina, a lokacin da ni na riga na binne shi. Ta ce, "Malam, wannan kuɗi da sunan jirgi muka tara shi, kuma jirgi za mu saya. Sharaɗina ɗaya ne. Ina son jirgin da idan ciwon nan ya dawo maka a tsakiyar ruwa, zan iya sauke ƙyalle ni kaɗai, in tayar da inji, in shigo da mu tasha in ɗaure." Na amince nan take, domin a lokacin ban ga yadda wannan sharaɗi zai shiga tsakanina da jirgin da nake so ba.

Mun samu tsohon da nake mafarki, ƙirar tsakiyar shekarun 1970, tsawonsa ƙafa 32, mai dogon kil, cikinsa duk katako mai duhu. Da na sauka cikinsa na shaƙi warin dizal da tsohon fenti sai ƙwalla ta cika mini ido, na juya baya kada mai jirgin ya gani. Ko'ina mutum ya miƙa hannu akwai abin kamawa, kuma ƙuncin cikin ma alheri ne ga mai jiri irina, tunda babu filin da zai faɗi ya yi nisa. Kuɗinsa bai kai rabin abin da muka tara ba. Na fito ina jin cewa an gama magana.

Sai dai ba a sayen jirgi sai an ɗauko safiyon jirage, wato ƙwararren mai duba lafiyar jirgi, ya bincike shi, kamfanin inshora ma ba ya karɓar tsohon jirgi sai da rahotonsa. Aka ɗaga jirgin daga ruwa, mutumin ya bi shi da 'yar guduma da na'urar auna danshi, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Gangar jikin lafiya lau take, ban da 'yan ƙuraje na ruwan da ya ratsa fatar faiba, waɗanda ya ce ba su ke nutsar da jirgi ba. Matsalar tana sama. Doron jirgin faiba biyu ne da katakon balsa a tsakani, ruwa kuma ya daɗe yana bin ramukan ƙusoshi yana shiga, har katakon ya ruɓe a kewayen gindin ginshiƙi. Ƙarafan da wayoyin ginshiƙi ke ɗaure a jikinsu suna ƙyalli a waje, amma ya bayyana mini cewa irin wannan ƙarfe da ake cewa ba ya tsatsa yakan cinye ne a daidai inda ya ratsa doron jirgi, inda danshi ke kwanciya iska ba ta shiga, kuma ba a ganewa sai an zare shi. Wayoyin da kansu babu wanda ya san shekarunsu, alhali galibin kamfanonin inshora suna son a sauya su bayan kimanin shekara 10. Injin shi ne na asali, famfunan da ke ratsa cikin jirgin sun ƙage, wayoyin lantarki kuwa kowane mai jirgi da ya wuce ya ɗora nasa a kan na wanda ya gabace shi.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin gyara, kuma da lafiyata da murna zan karɓi aikin, domin arahar tsohon jirgi tana ga wanda zai biya ragowar da hannunsa da lokacinsa. Ni kuwa hannun ne babu. Da muka zauna muka yi lissafin biyan masu gyara, sai ratar da ke tsakaninsa da jirgin zamani ta tsuke ƙwarai, ban da watannin da zai yi a kan tudu ana aikinsa. Wanda ya taɓa kwanciya a asibiti yana kallon silin, ba ya ƙidaya watanni yadda sauran mutane ke ƙidaya su.

Duk da haka na nace a gwada shi a ruwa, maiɗakina a kan akala. A sarari ya yi duk abin da na yi alkawarin zai yi, ya kwanta kaɗan, ya kama hanya, har ta saki sandar tuƙi ya ci gaba da kansa. Da iska ta ƙaru aka zo rage babban ƙyalle, sai ya zama dole wani ya bar mazaunin matuƙi ya rarrafa zuwa gindin ginshiƙi, hannu ɗaya yana riƙe da jirgi ɗaya yana aiki. Ita ta tafi, ni na riƙe akala ina kallon bayanta, ina tambayar kaina wa zai riƙe akalar ranar da nake kwance a ƙasa. Da muka dawo tasha aka zo komawa da baya, jirgin ya nuna halin dogon kil: farfela ta ja bayansa gefe guda, allon akala ya ƙi kamawa, sai da mai jirgin ya karɓa da sauri kafin mu goga jirgin maƙwabci. Ba ta ce mini komai ba a hanyar gida, ni ma ban ce ba.

Jirgin zamanin da muka gwada bayan haka ya haura shekara goma da ƙerawa, tsawonsa ƙafa 34, irin waɗanda manyan masana'antun Faransa da Jamus ke fitarwa da yawa. Gaskiya ban ji komai a zuciyata ba da na shiga, farin faiba ne ko'ina da tagogi manya. Amma duk igiyoyin rage ƙyalle sun biyo doron jirgi sun ƙare a mazaunin matuƙi, ƙyallen gaba ana naɗe shi da igiya ɗaya, akwai winci, wato na'urar jan igiya, mai lantarki da yatsa ɗaya ke sarrafawa, kuma bayan jirgin a buɗe yake da dandamali dab da ruwa, inda za a iya jawo wanda ya faɗa. Wannan na ƙarshe ya tsaya mini a rai, domin ɗaga babban mutum da jiƙaƙƙun kaya ta gefen jirgi mai tsawo aiki ne da ke gagarar ƙarti biyu, balle mace ɗaya. Kil ɗinsa gajere ne mai zurfi, allon akala kuma yana tsaye shi kaɗai, saboda haka yana juyawa a ɗan ƙaramin wuri, yana tafiya da baya a miƙe. Maiɗakina ta shigar da shi mazauninsa ita kaɗai, hannunta yana rawa amma ta shigar.

Ya kuma fi sauri, kuma dalilin lissafi ne. Iyakar gudun jirgi irin wannan tana bin tsawon jikinsa da ke cikin ruwa. Tsohon, saboda goshinsa da bayansa sun yi sama sun bar ruwa, ƙafa 25 kawai ke jiƙe, abin da ke ba shi kimanin mil 6.7 na teku a awa, na zamanin kuwa kusan ƙafa 32 ke cikin ruwa, yana iya kai mil 7.6, kuma rashin nauyinsa na sa shi motsi a iskar da tsohon zai tsaya sai an kunna inji. Ga mai lafiya wannan abin alfahari ne kawai. Ga wanda zai iya buƙatar likita, awa biyu da aka rage a hanya ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya hana ni barci shi ne kil ɗin. Ƙusoshi ne ke riƙe da shi a cikin jirgin, kuma ban manta da Cheeki Rafiki ba, jirgin zamani mai ƙafa 40 da kil ɗinsa ya ɓalle a Atilantika a watan Mayu na 2014 yana hanyar komawa Ingila daga Antigua, ya kife, mutum huɗu suka halaka. Binciken hukumar haɗurran ruwa ta Birtaniya ya nuna cewa jirgin ya taɓa dukan ƙasa a baya, kuma ana kyautata zaton hakan ya raunana haɗin da ke tsakanin ƙwarangwal ɗin ciki da gangar jiki, irin lahanin da ido ba ya gani cikin sauƙi. Jirgin da muke dubawa yana da shaidar rukunin A ta Tarayyar Turai, wadda aka wajabta tun 1998, ma'ana an ƙera shi don iskar da ta haura mataki na 8 a ma'aunin ƙarfin iska na Bofot da raƙuman da suka wuce mita 4. Amma takarda tana faɗin yadda jirgi ya fito daga masana'anta ne, ba ta faɗin duwatsun da ya gamu da su bayan nan.

A wannan gaɓa muka yi saɓanin da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na kawo mata misalin Kirsten Neuschäfer, 'yar Afirka ta Kudu da ta lashe gasar Golden Globe a 2023, ta zagaya duniya ita kaɗai a jirgi mai dogon kil, ƙafa 36, na ce mace ce kamarta. Ta ce, "Malam, waccan sana'arta ke nan tun ƙuruciya, kuma ba ta ɗauki marar lafiya a jirginta ba." Kalmar ta soke ni, na tashi na bar mata ɗakin, muka yi kwanaki muna gaisawa kawai. A cikin wannan shiru ne na koma na dubi gasar da nake kafa hujja da ita. A ta 2018, wadda aka keɓe wa jirage masu dogon kil da aka zana kafin 1988, mutum 18 suka shiga, biyar suka kammala, kuma da dama ginshiƙansu sun karye a tekun kudu. A ɗaya gefen, ayarin jiragen da ke ƙetare Atilantika tare, wanda ake kira ARC, da ke tashi daga Las Palmas ta tsibiran Kanari kowane Nuwamba tun 1986, yana tafiyar kimanin mil 2,700 zuwa tsibiran Karibiyan, yawancin jiragensa irin na masana'antar nan ne da nake rainawa, kuma galibinsu suna isa lafiya. Ban fasa ganin cewa a guguwar ƙarshen duniya tsohon ya fi ba. Sai dai mu ba ƙarshen duniya za mu je ba, kuma haɗarin da ya fi kusa da mu yana cikin jijiyoyin kaina.

Na sa safiyon ya ba kil ɗin rana guda cur. Aka ɗaga jirgin aka bar shi a rataye, ya duba ko akwai tsaga a mahaɗar kil da jiki, ya ɗaga katakan daɓen ciki ya ƙwanƙwasa kowane lungu na ƙwarangwal ɗin, ya duba ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya kuma girgiza allon akala ya ji ko yana da sako-sako. Bai samu alamar duka ba. Muka saye shi. Kuɗin jirgin ya lashe asusun gaba ɗaya har muka sayar da mota ɗaya muka cike, abin da 'ya'yanmu ba su ji daɗinsa ba. Ranar da na kira mai tsohon jirgin na ba shi haƙuri, na daɗe zaune da waya a hannu bayan mun gama magana, domin na san saurayin nan da ya koyi ja igiya a jirgin dattijo nake sallama.

Yanzu muna tafiye-tafiyen gaɓar teku, wani lokaci mu kwana a hanya. Jirgin yana da halayen da ban so ba, kuma ba zan ɓoye su ba. Idan muka fuskanci iska kuma ruwa ya yi tsalle-tsalle, shimfiɗaɗɗen cikinsa yana dukan ruwa da ƙarar da ke ratsa haƙora. Ba ya yafe jinkiri wajen rage ƙyalle, domin idan ya kwanta da yawa faɗin bayansa yana ɗaga allon akala, sai ya juya kansa cikin iska ko an so ko ba a so, don haka muna ragewa tun kafin sauran jirage su fara tunani. Falon ciki yana da faɗin da ke tsorata mai jiri, sai da na sa aka ƙara maƙallai a rufi da gefe. Sauƙin da yake ba mu kuma rabinsa a kan lantarki yake, winci da na'urar tuƙi mai sarrafa kanta da injin ɗaga anka, shi ya sa nake kula da batura kamar yadda nake kula da maganina, kuma muna gwada kowane aiki da hannu lokaci-lokaci don ranar da wuta za ta ɗauke. Mun kuma kafa doka cewa duk ranar da kil ya taɓa ƙasa, komai sauƙin taɓawar, sai an ɗaga jirgin an duba.

Rabon aiki ya sauya. Ita ce ke fitar da jirgi da shigar da shi, ni ina kan taswira da hasashen yanayi da inji. A kowace fita muna jefa wani abu mai iyo a ruwa ba tare da sanarwa ba, ni in naɗe hannu in yi shiru, ita ta juya jirgi ta ɗauko shi. Da farko zaman shirun yana yi mini ciwo, yanzu na saba, har nakan ji wani irin alfahari idan ta tsayar da jirgin daidai gefensa. Hannun ya ɗan ƙara ƙarfi, Alhamdulillahi, ina iya naɗa igiya a winci ko da ba zan iya ja ba.

Zancen Atilantika yana nan ba mu yanke ba. Likita ya ce a jira a ga sakamakon gwajin da ke tafe, kamfanin inshora kuma ya ce ba zai amince da ƙetarewa da mutum biyu ba sai an ƙara na uku mai ƙwarewa, sannan a sauya wayoyin ginshiƙi. Mun ba da aikin wayoyin a yi shi idan an ɗaga jirgin a ƙarshen wannan kaka, kuma babban ɗanmu, wanda ya fi kowa adawa da sayen jirgin, ya shiga ajin koyon tuƙi, ya ce a ajiye masa gadon da ke baya.